Rufa'i Mai Kanwa Ya Tafi Sayen Famfo

Duk wanda ya taɓa sayen kanwa ko gishiri a ƙauyukan Banga ya san Rufa'i Mai Kanwa, ko aƙalla ya san kekensa, don ƙarar keken ke yin sallama tun kafin mai shi ya ɓullo. Dogon mutum ne mara yawan magana, mai riƙon al'ada sai ka ce shi aka bar wa gadinta. Tunda aka haifi 'yarsa ta fari, Salma, bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa tambayar lafiyarta a gaban mutane ba. Kunyar ɗan fari ke nan, haka ya tarar, kuma shi ya ƙara mata gishiri. In dole ta kama sai ya ce "waccan". Har aka kai waccan gidan miji a Gurbin Bore, can ƙasar Zurmi, ƙafarsa ba ta taɓa taka garin ba.

Rannan aka bugo waya cewa Salma ta yi haihuwa ta uku, abin ya zo da gardama har an ƙara mata jini. Matarsa Turai tana kuka tana haɗa kaya, shi kuwa gogan ya duƙa yana latsa tayar keke. Tsoro ya kama shi matuƙa, so yake ya je ya gane wa idonsa, amma bakin ya ƙi furtawa.

"Wagga taya ta cika sacewa," in ji shi. "Hwamho za ni saye."

"Shekara da shekaru kana aron na maƙwabta," in ji Turai, "sai yau?"

"Yau na ga dama."

Turai ta bi mota. Shi kuma washegari ya hau keke sai kasuwar Ƙaura, shagon Sabo mai kayan keke. Sabo ya miƙo famfon hannu. Rufa'i ya kara shi a kunne, ya ja, ya tura, ya ce wannan fuka gare shi. Aka kawo na ƙafa, ya ce shi ba zai sayi abu ya koma yana taka shi ba, wulaƙanci ne. Aka fito da mai agogo, wanda allurarsa ke nuna yawan iska, nan ne ya fusata.

"Ni da ke bisa keke tun kana goye, allura za ta hwaɗa mani taya ta ƙoshi?"

Sabo ya share gumi. "To Baba, irin wanda kaka so babu shi Ƙaura. Sai ko Shinkahi."

Fuskar Rufa'i ta ɓaci, don Shinkafi ba hanyar Gurbin Bore ba ce. "Iskar Shinkahi zahi gare ta, tana cin roba."

"To Zurmi?"

"Yauwa! Yanzu ka yi magana."

Aka ɗaure keke a bayan mota. A Zurmi kuma ya gamu da babbar masifa, wato famfo mai kyau. Wani mai shago Alamin ne ya zaro shi daga kwali, ƙarfe ne zalla, tiyonsa mai kauri, iskarsa kamar ta zugazugin maƙera. Rufa'i ya juya shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa cikinsa da ido ɗaya, aibi ya ƙi samuwa. Wallahi har tausayi ya ba mutanen da suka taru kallo.

"Ya cika kyau," ya ce daga ƙarshe. "Sace shi za a yi. Gaba hwa?"

"Gaba ba shago, Baba. Sai Gurbin Bore, can ko mai hwaci ɗai ad da su."

"Irin wuraren ga aka samun na ƙwarai."

Da la'asar ya tsaya a ƙofar gidan surukinsa Misbahu. Misbahu ya fito a guje, ya durƙusa yana gaisuwa.

"Wucewa nikai," in ji Rufa'i, idonsa na kan sirdi. "Ko akwai hwamho gidan ga in gani?"

Misbahu ya dubi tayoyin, dukansu a cike tam. Ya shiga ya fito da wani tsohon famfo da aka ɗaure wa tiyo da tsumma. Rufa'i bai kara wannan a kunne ba. Ya jingine keke da katanga, ya soma bugawa a hankali, kunnensa na cikin gida. Bai tambaya ba, Misbahu kuma kunyar suruki ta hana shi faɗa. Ba a jin komai sai fus, fus, da kukan jariri. Muryar da ya zo nema kuwa shiru.

Can sai ga ta, siririya, a gajiye, amma da faɗanta: "Inna, ruwan ga sun yi zahi, dahwa ni za ki yi?"

Hannun Rufa'i ya ƙwace masa. Ya dinga bugawa da sauri, hawaye na bin gemunsa, Misbahu na cewa "Baba, ta cika, Baba," har taya ta fashe da ƙarar da ta watsa kajin unguwa.

Misbahu ya yi gyaran murya. "Mai hwaci ya tashi, Baba. Sai gobe."

"To," in ji Rufa'i, yana goge ido da hannun riga. "Ka dai shaida ba ni nis so ba."

Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya ja ta da kansa, ya matsar da ita jikin bangon da muryar ta fito, sannan ya zauna.