Jikan Wakilin Jirgin Tumaki

Lurwanu direban tasi ne a unguwar Hindawiyya ta Makka, kuma tun da na zama magatakardan ƙungiyar Hausawan unguwar ban taɓa jin ya gama zance bai ambaci kakansa ba. Kakan shi ne wakilin wani kamfanin Turawa mai jigilar tumaki da alhazai daga gaɓar Sudan zuwa Jidda. Da Sudan ta sami 'yanci Turawan suka tattara nasu ya nasu, shi kuwa ya manne wa sababbin 'yan siyasa har jirgin ya zama nasa. Wannan wayon ne Lurwanu ke kira sarauta. Shi dai bai gaji komai ba sai girman kai. Ko gawa za a ɗauka, gefe yake tsayawa yana nuna wa mutane inda za su kama.

Da shugaban ƙungiyarmu ya rasu bara, Lurwanu ya ce kujerar ta gidansu ce, tunda iyayen rabin unguwar a jirgin kakansa suka ƙetaro. Abokin takararsa Mukhtaru mahauci ne, kuma Lurwanu ya sha faɗa cewa mai ƙarnin jini ba ya shugabantar mutane.

Ranar zaɓe ya je har unguwar Zahir da motarsa ya ɗauko Hajiya Rabi'atu, wadda ta ƙetaro a jirgin tana yarinya, don ta ba da shaida. Bai taɓa tambayarta yadda tafiyar ta kasance ba. Aka zaunar da ita bayan labule.

Ya kira ta inna da Larabci ya ce, "Ya khala, faɗa musu wanda ya kawo ku Makka."

Ta ce kakansa ne, babu shakka. Saman jirgin inda iska take na Turawa ne da shi kakan, alhazai kuwa a ƙasa aka zuba su tare da tumaki. Da ruwan sha ya yi ƙaranci sai aka fara ba dabbobin, don su ne kayan kamfani. Ƙaninta bai ga Jidda ba, a teku aka saka shi.

"Da jirgin ya zama nasa ma bai sauya ba, ɗana. Turawan kawai aka daina gani a sama."

Lurwanu ya yi dariya ya ce tsufa ne. Babu wanda ya taya shi. Da aka zo ɗaga hannu, nasa kaɗai ya tashi masa, surukinsa Turki ma ƙasa ya riƙa kallo. Mukhtaru ya zama shugaba.

Lurwanu ya fita ya tada mota, ya bar tsohuwar zaune bayan labule. Ni na tsayar mata da wata tasi.