Gwaten Mutum Ashirin da Biyu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tsaron baya a kulob ɗin ƙwallon garinmu, ko sau ɗaya ba mu taɓa hawa rukuni na gaba ba. Kullum muna can ƙasa, muna buga wasa a filin da awaki suka fi mu sanin lungunansa. Da safe in koyar da 'yan firamare a Kafanchan, da yamma in ɗaura takalmi. Wanda ya kafa kulob ɗin tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Koci kawai muke ce masa, kuma ya bar mana wata doka da babu ita a littafin rafali. Duk shekara, da ruwan farko ya sauka, 'yan wasa ashirin da biyu za su fita gayya a gonakin masu zuwa kallonmu. Yakan ce wanda bai san kunyar gona ba, ba zai ji kunyar gari ba ko an zura masa huɗu.

Da ya rasu sai muka mai da gayyar farko ta matarsa, wadda kowa ke kira Mama. Gonar cittarta tana kan hanyar Manchok. Mu dasa, mu yanko ganye mu rufe, ita kuma ta dafa mana gwaten acca da yakuwa a babbar tukunyar da take arowa wajen matan zumunta na cocinsu.

Ana nan sai wani attajiri, wanda muke kira Ciyaman, ya sayi kulob ɗin. Ɗan ƙasarmu ne, amma a Abuja ya tashi, can kwangila ta karɓe shi. Ba zan ci zalinsa ba don ina jin haushi. Mutumin ya kawo bas sabuwa fil, ya ɗinka jesi kala uku, ya sa aka shuka ciyawa a fili, har gwiwata da ta daɗe tana damuna shi ya kai ni aka duba. Sai kuma ya fara kawo 'yan wasa daga Legas da Fatakwal, da sabon koci mai yawo da kwamfuta. Yaranmu na gida suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Golanmu, mai walda ne a bakin kasuwa, aka ce ya yi gajarta. Mai buga mana gefe, ɗan acaɓa, aka ce ba ya jin tsari. Kafin kakar wasa ta raba, ni kaɗai na rage, da kambun kyaftin a hannuna, wataƙila don a samu mai gaisa da dattawa.

Muka kama cin wasa kamar ba gobe. Ƙarya nake in na ce ban ji daɗi ba. Mutumin da ya shekara goma yana komawa gida kansa a ƙasa, yau yara na bin sa a hanya suna kiran lambarsa, ai dole kai ya ɗan kumbura. Muka kai wasannin ƙarshe na hawa rukuni, waɗanda za a yi a Jos. Aka ce bas za ta tashi ranar Asabar ƙarfe bakwai na safe, kuma duk wanda ba ya cikinta ba za a rubuta sunansa ba. Shekarata talatin da uku a lokacin, ga gwiwa. Na san wannan ce damata ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe.

Asabar ɗin nan ita ce ranar gayyar Mama. Tun makonni biyu kafin nan ta tare ni bayan sujada ta ce ta sayi acca, ni kuma na ce mata muna nan zuwa, da bakina.

Na sami Ciyaman a otal ɗin da yake sauka, na roƙe shi a ɗaga tafiyar zuwa yamma. Sabon kocin ya tuntsire da dariya, wai ƙafafun da aka sayo da tsada ne za a kai daji da adda. Ciyaman bai yi dariya ba. Ya saurare ni har na gama, ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankalina, zai tura lebura ashirin su gama gonar kafin rana ta take. Da zuciya ɗaya ya faɗa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Na ce masa gayya ba aiki ba ce. Ya ce, "To, Kyaftin, mece ce?" Na buɗe baki, Hausa ta ƙare, Turanci ya ƙare, har yarenmu na laluba ban samu ba. Da na rasa abin faɗa sai fushi ya shigo, na ce masa ba komai ake sa wa farashi ba. Ya ɗauke hannunsa daga kafaɗata ya ce bas ƙarfe bakwai.

Matata ta ce in tafi. Ta ce Mama uwa ce, za ta gane, kuma gwiwar nan ba za ta jira wata shekara ba. Gaskiyarta. Na haɗa jakata. Abin da ban yi ba shi ne zuwa in gaya wa Mama. Kullum in ce gobe, goben ta zo in kasa, don ban san da wace fuska zan tsaya gabanta ba. Wannan laifin nawa ne, ba na Ciyaman ba.

Ranar Asabar ina tsaye a bakin titi da jakata, ga bas can gaba ana loda kaya, sai wani acaɓa ya wuce ni ya nufi hanyar Manchok, an ɗaure masa tukunyar matan zumunta a baya. Na san ta da lanƙwasasshen kunnenta. Ashe har safiyar nan babu wanda ya gaya wa tsohuwar nan komai. Na ce wa kaina bari in je da gudu in sanar da ita in dawo. Yaudarar kai ce, na san ba zan dawo in iske bas ba. Na cire kambun na miƙa wa direba, na tsai da wani acaɓan. Muna tafe waya tana ta ruri a aljihuna, na kashe ta.

Leburorin sun riga ni isa, tun asuba suke can. Kuma sun iya aiki, ban ga abin kushewa ba, layinsu ma ya fi namu miƙewa. Ni ma na tuɓe riga na shiga cikinsu. Kafin sha ɗaya an dasa, an rufe, an gama. Mama ta ce su zo su ci abinci, shugabansu ya ba ta haƙuri cikin ladabi, ya ce an ba su burodi da lemo a mota, kuma wata gonar na jiransu a Zonkwa. Suka hau motarsu suka tafi.

Aka bar ni da ita a gindin ɗorawa. Tukunya cike tana huci, ga kwanoni ashirin da biyu ta wanke ta jera a kan tabarma. Ta tambaye ni ina sauran. Na gaya mata duka, har da nawa laifin. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta dubi gonar ta ce aiki ya yi kyau, in yi wa Ciyaman godiya. Sannan ta ce, "Amma ɗana, ni ba don gona nake dafawa ba. Tun da Babanku ya tafi, yau ce kaɗai ranar da nake jin hayaniyarsa."

Amsar da na kasa ba Ciyaman ke nan, ga ta a bakin tsohuwa. Idona ya cika, raina kuma ya ɓaci, na rantse a zuciyata gwaten nan ba zai koma gida ba. Na kunna waya, na tsallake kiran da aka yi ta yi min, na shiga neman waɗanda aka sallama. Golanmu ya ce yana tsakiyar haɗa ƙofar wani. Na ce ƙofar ba za ta gudu ba, tukunyar Mama ce ke hucewa. Ya ce ga shi nan. Ɗan acaɓanmu ya riƙa kwaso su biyu-biyu. Wasu sun ce tun da an kore su kada a sake kiransu, ban ga laifinsu ba, amma sai da na zazzage su tas kafin na kashe.

Wajen ƙarfe biyu muna zaune mun zagaye tukunya, ana musu a kan wata fenariti da aka hana mu shekara shida baya, gola na rantsuwa bai taɓa yin gajarta ba sai da kuɗi suka shigo gari. Mama tana ta ƙari, tana ce wa wannan ya rame, wancan ya yi tumbi. Da muka gama ta tattara kwanonin da aka ɓata, ta ƙirga. Ta ce, "Sha uku. Sha ɗaya a fili, biyu a benci. Babanku da tara ya fara."

Kulob ɗin Ciyaman ya hau rukuni. A waya na kalli wasan ƙarshe, a ofishin malamai, na yi tsalle da aka ci, na koma na zauna na yi kuka, duka biyun kuma da gaske. Babu ni a hoton da aka manna a gari. Har yau in na wuce shi sai na tsaya na duba, kuma ba zan ce ban taɓa tambayar kaina ko wauta na yi ba.

Mu sha ukun nan muka yi rajista daga can ƙasa, inda Koci ya fara, a filin makarantarmu. Gwiwa ta zaunar da ni, yanzu usur ne a bakina. Ana cin mu, wani lokaci har huɗu, kuma muna jin kunyar gari sosai. Gayyar bana mu goma sha tara muka je. Mama har yanzu ashirin da biyu take wankewa ta jera, ta ƙi rage ko ɗaya. Saura kwano uku, kuma na gaya mata kada ta kuskura ta ba kowa aronsu.