Daminar da Ɓerayen Kawu Suka Mutu

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, aka ba mu dogon hutu a makarantar horon malamai mata, mahaifiyata ta tura ni gidan yayanta a wani ƙauye kusa da Likoro. 'Yarsa ta fari, wadda nake kira Yaya, ta dawo gida ta yi haihuwar fari, ana neman mai hura wuta da ɗebo ruwan wankan jego. Na tafi da littattafan waƙoƙi a ƙasan akwati, a zatona zan samu gindin bishiya in yi ta karatu ina kallon gajimare.

Kawu gardi ne, mai wasa da macizai. Ranar kasuwa yakan ɗauki ƙwaryar kumurcinsa ya nufi Makarfi ko Kudan, wani lokaci har Ikara. Amma akwai wadda ba ta zuwa kasuwa: wata mesa da ya tsinto a fadama tun tana kamar igiyar guga, ya rene ta har ta kai kaurin cinyar mutum. Tsohuwa yake kiranta. Tana zaune a wani rami da aka shafe da yumɓu, a ɗakin ƙarshe, an rufe shi da katako. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin nan da ɗakin da Yaya take jego da jaririnta.

Abincin Tsohuwa a gida ake kiwonsa. A rumfar bayan rumbu Kawu ya jera tsofaffin randuna masu santsin ciki, an binne su zuwa rabi, kowace da faifai da dutse a kai. A ciki ɓeraye suke aure suna haihuwa. Aikin ya faɗo a kaina tun ranar da na iso: in zuba musu dusa da tsaba da ɓarɓashin ƙuliƙuli, in sauya musu audugar kwanciya, in cire namijin idan macen ta haihu don kada ya cinye 'ya'yan. Da fari na yi ƙyamarsu. Daga baya na saba, har na fara son leƙa jariran, jajaye, tsirara, kamar ɗanyar gyaɗa da aka ɓare. Idan na kara kunnena a jikin randa nakan ji motsinsu kamar yayyafi a kan jinka. Nakan manta da inda za su ƙare, sai na ga Kawu ya shigo da sanho a hannu zai ɗebar wa Tsohuwa.

Wata rana na ce masa, “Kawu, me ya sa ba za a ba ta kaza ba, a huta da wannan wahala?”

Ya dube ni kamar na zagi wani babba. “Malama, ashe bokon bai kai nan ba? Tun tana ƙarama ɓera kaɗai ta sani. Duk ranar da ta ɗanɗana kaza, ta gane cewa abin da ke yawo a tsakar gida abinci ne. Daga kaza sai ɗan akuya. Daga ɗan akuya kuma…” Bai ƙarasa ba. Ya gyara murfin randa ya fita.

A shekarar malamin gona ya raba wa manoma irin dawa da aka cuɗa da wani jan magani, ya ce na shuka ne kawai. Bayan an gama shuka, ragowar ta zauna a ƙwarya a ɗakin Inna, matar Kawu. Inna ba ta iya ganin hatsi yana lalacewa. Ta wanke shi, ta sake wankewa har jan ya fita, ta shanya, ta haɗa da tsabar ɓeraye. Ta ce ai ba mutum ne zai ci ba.

Washegari na ɗaga faifan farko ban ji motsi ba. Na ɗaga na biyu, na uku, har ƙarshen layi. Suna kwance a kan auduga, ƙafafu sama, uwaye da 'ya'ya. Kawu bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya haƙa rami mai zurfi a bayan gida ya binne su, ya daɗe a tsugune a wurin.

Ɓerayen gona ba su da amfani a gare shi, domin duk ƙauyen an shuka irin nan, bai san wanda ya ci ba. Ya je can wajen Ikara ya samo mace da namiji a hannun wani abokin sana'arsa, ya sa su a randa guda, ya ce sai sun hayayyafa sun girma. Kafin nan Tsohuwa za ta jira. Dama lokacin cin abincinta ya riga ya yi kafin ɓerayen su mutu.

Sai marka ta sauka. Ruwa ba ƙarfi, ba ɗaukewa, sama ta yi kalar toka, bangaye suka jiƙe suna wari. Ko'ina sanyi, in ban da ɗakin jego. Can akwai gadon ƙasa mai kogo a ƙarƙashi, inda nake zuba garwashi safe da yamma don mai jego ta gasa jikinta. A duk gidan nan, wuri ɗaya ne mai ɗumi, kuma a kansa jaririn yake kwana.

Yaya ba ta iya cewa komai ba. Ɗan fari ne, akwai kunya a tsakaninsu. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ko kuka yake ba ta ɗaukarsa sai Inna ta miƙo mata shi, ta karɓa tana kallon gefe. Ita ma 'yar fari ce a wurin Kawu, ba sa haɗa ido, magana sai ta bakin wani. A gidan nan an ɗauki kunyar nan da nauyi ƙwarai, ana yabon Yaya a kanta har maƙwabta.

Amma ni ina kwana ɗaki ɗaya da ita, na ga yadda take kallon gindin bango. Wata safiya tana shan kunun kanwa ta jawo ni kusa.

“Ƙanwata, kina jin abin da nake ji ta can?”

Ina ji. Wani ja ne a hankali, kamar ana jan buhun hatsi a ƙasa, ya tsaya, ya sake farawa. A da Tsohuwa takan yi kwana da kwanaki ba ta motsa ba.

“Ki tambayi Baba ko murfin nan yana da nauyi sosai,” in ji ta. “Kada ki ce ni na aiko ki. Ki ce ke ce kike tsoro.”

Na same shi a zaure yana gyaran ƙwarya. Na gaishe shi, na tambayi gajiya da sanyi, sannan na faɗa. Ya yi dariya, ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida.

“Wa take ji wa tsoro? Wancan ƙaton da ya zo ya ƙwace min mata? Ai Tsohuwa ba ta cin ragwaye. Mutumin da ba ya noma, ba ya sallah, sai barci da kuka!”

Inna ta amsa daga madafa, “Kishi ne ke cin ka, tsoho. Angona ya fi ka kyau, ya fi ka ƙamshi.”

“Ƙamshin fitsari ba!”

Aka yi dariya, har da ni. Sannan ya rage murya ya ce min duk wanda aka haifa a gidan nan an ɗiga masa maganin gida a baki ranar suna, ba abin da ke jan ciki da zai taɓa shi. Na koma na faɗa wa Yaya. Ta ce, “Maganin na dafi ne. Ita ba ta da dafi.” Ta juya fuskarta bango.

Kwanaki suka ci gaba a jiƙe. Kaji suka daina fakewa a jikin ɗakin ƙarshe, suka gwammace su tsaya cikin ruwa. Na raka Kawu ya duba Tsohuwa sau ɗaya. Da ya ɗaga katakon, ba a naɗe take ba kamar kullum, kanta na sama, harshenta na fita yana komawa. A daidai lokacin jaririn ya tsala kuka ta bayan bango. Kan nan ya juya a hankali ya fuskanci wajen. Na dubi Kawu. Ya gani, na tabbata ya gani. Ya mayar da murfin, ya ɗora turmi a kai, ya ce min in je in duba ko macen ɓeran nan cikinta ya fito.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. Inna ta kai Yaya bayan ɗaki wanka, ina jin ƙarar ganyen runhu da ake tsomawa a tafasasshen ruwa ana fyaɗa mata. Jaririn yana barci a kan gadon ƙasa, shi kaɗai, an lulluɓe shi da zane. Na shigo da garwashi a kasko, na durƙusa a bakin kogon.

A cikin tokar safe, wadda ba ta gama hucewa ba, na ga wani zane mai kyau, ruwan ƙasa da baƙi da ɗigon zinariya. Har raina ya ce wa ya jefa sabuwar tabarma a nan. Sai zanen ya numfasa. A gindin bango, inda ruwa ya cinye ƙasa, akwai rami, sauran jikinta bai ma gama shigowa ba. Na bi ta da ido ina neman kan. Ba ya cikin kogon. Ya fito ta ɗaya gefen, ya hau jikin gadon, ya kwanta a bakin tabarma, kusa da ƙafar yaron da ta leƙo daga zane.

Kaskon yana ƙona min hannu ban iya ajiye shi ba. Da ƙyar na ce, “Yaya,” kamar mai magana cikin barci. Ban san yadda ta ji ba.

Ta shigo da ɗaurin ƙirji, jikinta na tururi, Inna a bayanta tana salati. Salatin ya jawo Kawu daga zaure. Ya tsaya a bakin ƙofa ya shimfiɗa hannu ya tare hanya.

“Kada wanda ya motsa. Ɗumi ta biyo. Ku bar ni da ita, ta san jinin gidan nan.” Ya dubi Inna, domin ba zai dubi 'yarsa ba. “Ce wa waccan ta koma baya.”

Yaya ba ta koma ba. Ta bi ta ƙarƙashin hannunsa, ta taka zuwa gadon, ta sunkuya a kan mesar har gashinta na ɗiga ruwa a bayanta. Kan ya ɗago. Ta sa hannu biyu ta zare yaron, ta manna shi a ƙirjinta, ta juyo. A gaban uwarta, a gaban ubanta, ta sumbaci kansa. Sannan ta ɗaga ido ta dubi Kawu a tsakiyar fuska, abin da ban taɓa gani ba.

“Ɗana ne, Baba,” ta ce. “Ɗana ne.”

Kawu ya sauke hannunsa. Ta wuce shi ta fita cikin ruwa.

Shi ya jawo Tsohuwa daga kogon, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ya mayar da ita raminta, ya cika ramin bango da duwatsu da ɗanyen yumɓu. Inna ta roƙe shi ya kai ta fadama ya sake ta. Ya ce ba ta san daji ba, mutuwa za ta yi. Ya ce a ƙara haƙuri kaɗan.

Yaya ba ta sake shiga ɗakin ba. A zaure ta zauna da yaron a cinya, ta ce da safe za ta koma gidan mijinta a Dandamisa. Inna ta yi kuka, ta ce ba a yi arba'in ba, matar da ta yanke wanka jikinta kumbura yake yi, sanyi ya shige ta har tsufa, kuma me mutane za su ce. Yaya ta ce ta ji.

Gari na wayewa muka fita, ni da akwatinta a ka, ita da goyo. Kawu yana tsaye a ƙofar gida. Ta durƙusa ta yi masa sallama, ya amsa yana kallon gonar maƙwabci. Hanyar duk laka ce, rake ya yi duhu dama da hagu, iska na kaɗa shi yana wani sauti da ban so ba. Yaya tana gaba, tafiyarta a hankali don jikinta bai yi ƙwari ba. Kowane ɗan taku sai ta kai hannu baya ta kama ƙafar yaron, ta riƙe, har sai ta ji ya motsa.