Gadar da Kawu Ya Tsayar Mini

Jama'a, yau na ɗauki hoton da ba zan taɓa kaiwa a wanke ba!

Da hantsi na rataya sabuwar kyamarata, Kawu Yohanna maharbi ya raka ni kwazazzabon bayan Godogodo. Muka gangara, muka laɓe a bayan dutse. Sai ga gada da ɗanta sun zo shan ruwa! Na saita, ta matsa. Na sake saitawa, ta juya.

Na ce a hankali, "Kash, ta ƙi tsayawa!"

Shi kuwa Kawu sau ɗaya aka taɓa ɗaukarsa hoto, ranar aurensa a Kafanchan, mai hoto yana ta tsawa kada kowa ya motsa.

Sai na ji fiu, kibiya ta gefen kunnena! Gada ta faɗi tana shure-shure.

Na ce, "Kawu, me ka yi?"

Ya ce, "Ɗana, yanzu hotonka ba zai lalace ba. Ɗauka!"

Murna yake yi, har cikin ransa. Na danna don kada ya ji kunya. Ɗan gadar ma ya fito a ciki, yana laluben nono.