Ranar da Na Yanke Maɗaurin Agogon Baba

Shekarun baya, lokacin ina shekarar farko a kwaleji a Bici, na yi wa mahaifina wani gyara wanda har yau ban daina nadamarsa ba.

A lokacin kaina rawa yake yi. Na taɓa buɗe rediyon abokina na mayar da ita, ta kuma yi magana duk da ƙusoshi biyu sun rage a hannuna. Shi ke nan, daga ranar na ɗauki kaina injiniya. Duk abin da na gani a gidanmu, gani nake gyarana yake jira. Inna har cewa take yi, in na dawo hutu sai ta ɓoye fitilarta.

Baba yana da wani tsohon agogon hannu, irin wanda ake murɗawa kowace safiya. Agogon lafiyarsa lau, da shi ma liman yake tambayar lokaci. Maɗaurin ne abin haushi. Fata ce da aka ce ja ce a da, amma gumi da rana sun mayar da ita baƙa ƙirin. Ta tsattsage, ramin da ake maƙalawa ya yage, Baba ya sa zare ya kama shi ba sau ɗaya ba. Ɗinkin ainihi kuwa a karkace yake, wani babba wani ƙarami, kamar sawun kaza. Duk ranar da Baba ya zo Bici duba ni, sai in ga idon abokaina a kan hannunsa. Wataƙila ma ba kallonsa suke ba, ni ne dai nake jin kunya.

Da muka samu hutu cikin bazara, na biya ta kasuwar Tsanyawa na tsaya wajen mai gyaran agogo. Na zaɓi maɗauri na ƙarfe, fari mai walƙiya, irin wanda malamanmu suke sawa. Mutumin ya haɗa mini da wasu 'yan siraran ƙarafa biyu da ake soke maɗauri da su a jikin agogo, ya ce, "Samari, ka kawo agogon in sa maka mana, ba ya cin minti biyar." Na yi dariya na ce, "Haba Malam, wannan ai aikin yara ne."

Na dawo gida na tarar ana kai taki gona. Wanda ya tashi a wajenmu ya san yadda abin yake: duk abin da ya taru a juji shekara guda, kashin awaki, toka, shara, kafin ruwa ya sauka sai an kwashe shi a mangala, jaki ya kai gona, a juye tsibi-tsibi. Saboda ƙazantar aikin, Baba ya cire agogonsa da safe ya rataye a ƙusa a ɗakinsa, ya kora jaki ya tafi. Na ce yawwa, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, na kawo allura da reza da ƙaramar wuƙa. Na yi na yi in zare tsofaffin ƙarafan, suka ƙi. Tsatsa ta kama su, fatar kuma ta manne a kansu, domin ba irin ta kanti ba ce da ake zarewa, a jikin agogon aka ɗinke ta. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce, to wa ya zauna ya yi wannan ɗinki da hannu, kuma me ya sa mutumin da yake sake hula duk Sallah bai taɓa sake wannan ba? Ni ban tsaya ba. Na ɗauki reza na bi ɗinkin na yanke, na datsa fatar gida huɗu don in samu hanya.

Abin dariyar ma, wajen sa sabon sai ɗaya daga cikin 'yan ƙarafan ya yi tsalle ya ɓace. Na fi rabin awa a durƙushe ina laluben ƙasa, ina zufa, ina salati. Don in same shi na ɗauko tsintsiya na share wajen kaf. Na kuwa same shi a cikin sharar, na tsince shi kamar na tsinci zinariya. Ragowar sharar, har da guntayen tsohuwar fatar, na kwashe na kai juji na watsar. Da rana kuma ni da kaina na kama shebur na taya Baba cika mangala. Kafin la'asar jujin ya koma fili, an kai komai gonaki biyu.

Bayan la'asar Baba ya yi wanka ya shiga ɗaki. Na ji shi yana tambaya, "Wa ya taɓa mini agogo?" Na fito da shi daga aljihu ina washe baki, na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu.

Ya karɓa. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya shafa wajen da fatar take da babban yatsa. Ni kuwa na ɗauka daɗi ne ya kama shi.

"Ina tsohon?"

"Ai na yar, Baba. Ya mutu murus."

"A ina ka yar?"

"A juji, tun da safe."

Ya ɗaga kai ya kalli inda jujin yake, fili fetal sai sawun shebur. Inna tana bakin murhu, na ga ta ajiye muciya ta shige ɗaki. Sai Baba ya miƙo mini hannunsa na hagu ya ce, "To, ɗaura mini." Na ɗaura. Ya yi masa yawa, yana zamewa har gindin yatsa, ya kuma cije masa gashin hannu, na ga ya ɗan yamutsa fuska. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Na tashi ina jin kaina a sama.

Washegari daga masallacin asuba Baba bai dawo gida ba, sai da hantsi ya dubi ludayi. Rana ta biyu ma haka. Da na bi shi gona na tarar ya baje tsibin taki wajen goma, yana bi da sanda yana tonawa. Na ce, "Baba, ai ruwa da saura, in aka baza yanzu iska ce za ta kwashe." Kun ji fa, ni ne nake koya wa Baba noma. Bai kalle ni ba, ya ce, "Dubawa nake yi." Na ce a raina tsufa ne ya fara taɓa shi, na juya na koma gida.

Rana ta uku Goggo ta zo, yayar Baba ce da take aure a wani ƙauye gaba da mu. Suna cikin gaisawa idonta ya sauka a hannunsa, sai ta katse gaisuwar. Ta ce, "Malam, ina fatar?" Baba ya ce, "An sake," ya sa takalmi ya fita. Ni kuma da iyayina na matso na ce, "Goggo, ni na sa masa. Ya yi kyau ko?"

Ta kama hannuna ta ja ni bayan rumbu. Goggo mace ce mai wasa, ita take kirana mijin kaza tun ina ƙarami, amma ranar babu wasa a fuskarta.

"Kai, ka san wanda ya ɗinka wannan fatar?"

Na ce ban sani ba.

"Yayanka ne."

Na san ina da wa da ya rasu ina goye, amma iyakar abin da na sani ke nan. Shi ne ɗan fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Tun da aka yaye shi aka ba Goggo riƙonsa, a hannunta ya girma. Mijinta baduku ne, a wajensa ya koyi aikin fata.

Goggo ta ce yana da shekara goma sha biyar ya ga maɗaurin agogon Baba ya tsinke. Ya nemi jar fatar akuya, ya yanka, ya karɓi agogon ta hannun Inna, ya yi kwana uku yana ɗinki yana warwarewa. Shi ne aiki na farko da ya gama shi kaɗai. Ya tako da ƙafa tun daga ƙauyensu ya kawo, ya tarar da Baba a ƙofar gida cikin mutane.

"Ka san abin da ubanka ya ce masa? Ko kallonsa bai yi ba. Cewa ya yi, ajiye can. Ba don ba ya so ba, wallahi, kunya ce kawai, mutane na zaune. Yaron ya ajiye, ya dawo mini yana tambaya, Goggo, ko bai yi kyau ba ne? Na ce ya yi, haka iyaye suke. Daminar nan zazzaɓi ya ɗauke shi. Ranar da aka dawo daga maƙabarta ubanka ya ɗaura agogon nan, kuma shekara ashirin ke nan."

Na ce, "Goggo, me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini?" Ta ce, "Wa zai gaya maka? Wanda ba ya iya kiran sunansa? Kai me ya hana ka tambaya?"

Da asuba na riga Baba zuwa gona. Ya zo ya same ni a durƙushe ina tona taki da hannu. Ya tsaya a kaina ya ce, "Goggonka ta cika surutu." Ya koma tsibi na gaba ya ci gaba da nasa. Haka muka yi kwana huɗu, ni da shi, muna tona taki. Mun tsinci fasasshen kwano, tsohon silifa, murfin kwalba, har da ɗan kunnen Inna da ya ɓata tun bara. Guntun baƙar fata a cikin baƙin taki, a gonaki biyu, ba mu ga ko ɗaya ba.

A rana ta huɗu hadari ya haɗo daga gabas. Baba ya miƙe ya dafa ƙugu, ya kalli sama ya kalli gonar. Na ce, "Baba, don Allah ka yafe mini." Ya ce, "Bari haka nan. Ƙasa ta karɓi mai shi ma, balle fata." Muka kama hanya. Mun kusa gida sai na ji ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ɗinkin bai miƙe ba. Amma ka ga bai taɓa warwarewa ba." Wannan ce magana ɗaya tak da na taɓa ji daga bakinsa a kan yayana. Da yamma aka yi ruwan shuka.

Bayan nan na yi ta ƙoƙarin gyara ɓarnata. Na je wajen dukawa na sa aka yi jan maɗauri mai kyau na kawo masa, ya ce in bar shi, wannan ɗin ya isa. Na ce to bari a kai Tsanyawa a rage masa tsawo, sai da na yi da gaske ya yarda, kuma tare muka je, yana tsaye aka rage. Cizon gashi kuwa bai daina ba. Shekara goma sha ɗaya Baba ya yi da maɗaurin ƙarfen nan, har wajen ya yi santsi babu gashi ko ɗaya.

Da ya rasu, agogon ya zo hannuna. Wata rana ina zaune da Inna ina murɗa shi, na ce, "Inna, ni fa har yau ban gane ba. Abin nan yana cizonsa, kuma ni na raba shi da wancan. Me ya sa bai taɓa cirewa ba?" Inna ta ci gaba da tsince wake a faifai. Can ta ce, "An taɓa kawo masa abu ya ce a ajiye can. Ya ce ba zai ƙara ba."

Sai a lokacin na gane abin da ya sa ya miƙo mini hannu a ranar, alhali na gama yanka masa zuciya da reza.

Yanzu ni ma na manyanta, ina da 'ya'ya masu kai irin nawa, kuma ɗan farina ina kiran sunansa da ƙarfi, duk wanda zai yi gulma ya yi. In na ga tsohon abu a hannun babba, tsumma ne ko fasasshen kofi, ba na taɓawa sai na tambaya. Amma wannan hankalin bai dawo wa Baba da komai ba, kuma ba ya rage mini zafin abin. Gonakin nan biyu ni nake noma su yanzu. Na sani sarai fata ba ta shekara ashirin a cikin ƙasa, tuni ta zama gero mun cinye. Duk da haka, duk shekara in ana huɗa, yara sai su yi ta tambayata me na yar, don idona ba ya barin ƙasa.