Ranar da Bayana Ya Manta da Ciwo

A bakin 'yata na fara jin kalmar adirinalin, lokacin tana karatun haɗa magunguna a Khartum. Komai a wurinta adirinalin ne. Ƙungiyarsu ta ci ƙwallo, adirinalin. Ta bi motar haya da gudu ta cafke ƙofa, adirinalin. Da na gaji na ce ta fassara mini. Ta ce wani ruwa ne da jiki ke zubawa cikin jini idan mutum ya firgita, sai zuciya ta ƙara bugu, ƙarfi ya zo, ciwo ya ɓuya na ɗan lokaci. Na ce to ta samo mini kwalba guda, don shekarun da na yi ina walda a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, sun bar ni da ciwon bayan da ko buta ba na ɗauka sai da nishi.

Ta yi dariya ta ce, "Yaba, ba a sayen shi a sha. Shi yake zuwa da kansa."

Da yaƙi ya zo, unguwarmu a Umdurman ta watse. Iyalina suka tafi gabas, ni na ce ba inda za ni in bar gida ba kowa. Layinmu kaf ya rage mu biyu, ni da maƙwabcina, wani dattijo tela mai ciwon sukari. Tun muna samari ba mu taɓa yarda a kan magana ɗaya ba, amma yanzu muryarsa kaɗai nake ji a wuni.

A nan maza ba sa buɗa bakin azumi a cikin gida. Tabarmi ake shimfiɗawa a titi, kowa ya fito da tirensa, har a tare mai wucewa a zaunar da shi dole. Da azumi ya kama, muka ci gaba mu biyu. Babu ladan a masallacin layi, da ido muke duba rana. Shi ya kawo dabino, ni in kawo asida, tuwon da na koyi tuƙawa da tsufana.

"Ya zol, kai mutumin nan, wannan asida ce ko siminti?" Kullum sai ya faɗa, kuma kullum sai ya suɗe kwanon.

Na sha gaya masa Allah ya ɗauke wa mai ciwo irin nasa azumi. Ya ce in bari sai an naɗa ni limami.

Wata rana na shimfiɗa tabarma, rana ta yi ja, bai fito ba. Na ƙwala masa kira, shiru. Na tura ƙofa na same shi a kan gadon igiya, gumi ya jiƙa shi sharkaf, idanu a kafe, ko dabinon da na sa masa a baki ba ya iya taunawa. Gabana ya faɗi. In ya mutu a nan, ni kaɗai zan wanke shi, ni kaɗai zan haƙa.

Har yau ban san yadda na ɗaga shi ba, don mutumin ya fi ni jiki nesa. Na dai gan ni a titi ina tura shi a baron gini, ƙafafunsa na reto, takalmina ɗaya ya cire ban tsaya ba. Ana harbi can nesa, ban ko waiwaya ba, har ƙaramin asibitin da ya rage a buɗe. Suka sa masa ruwa a jijiya. Da ya buɗe ido ya gan ni, sai ya ce, "Kai, ka sha ruwa kuwa?"

Na zauna a ƙasa na kasa tashi, bayan nan kuwa ya dawo da ciwonsa har da ƙari.

Da waya ta samu shiga na ba 'yata labari. Ta ce, "Yaba, shi ne adirinalin ɗin da ka ce in samo maka." Ita ta gaya wa 'ya'yansa, su kuma suka ce shi ke nan, ba zai ƙara kwana a Umdurman ba. Suka aiko da mota.

Yana shiga ya harare ni. "Kai ka jawo mini. Da ka bar ni a gadona." Ya riƙe hannuna ta taga bai saki ba sai da mota ta motsa.

Na yi murna ya rayu, wallahi na yi. Amma kewa irin ta bayan tafiyarsa ban taɓa sani ba, ko ranar da iyalina suka tafi. Harbin ma ya daina sa gabana faɗuwa. Na tambayi 'yata ina adirinalin ɗin ya shiga, ta ce jiki sabawa yake yi.

Sauran azumin ban fasa fita da tabarma ba. Tiren ya fi ƙarfin bayana, sai in kwaso kwanukan ɗaya bayan ɗaya. In rana ta faɗi in duba gabas da yamma ko akwai wanda zan tare, sannan in sha ruwa. Asidar tana yin tauri kamar kullum, ba wanda ya ce mini komai.