Saƙon da ya fito daga Sandamu

Ƙaurin hayaƙin janareta idan ya haɗu da ƙamshin ƙasar da ruwa ya jiƙa, har yau yakan sa kunnuwana su ɗauki zafi. Ba sai na rufe ido ba, nan take zan ganni a shagon kawuna a Daura, cikin hutun damina, ina ɗan aji biyu na sakandare.

Kawu, ƙanen mahaifiyata, shi ya buɗe ɗakin koyon kwamfuta a unguwarmu. Injinan tsofaffi ne, an jera su jikin bango, kowanne da shuɗiyar waya da ta bi ƙasa zuwa wani ɗan akwati mai ƙyafta fitilu. Kawu ya raɗa wa kowane inji sunan gari: ga Mashi, ga Baure, ga Zango, nasa kuma Daura. Ni a gaban wanda ya raɗa wa Babban Mutum nake zama, kusa da taga.

Shi ya bayyana mana cewa inji idan aka kunna shi bai san maƙwabtansa ba. Sai ya yi shela a cikin wayar, kowa ya ji, yana tambayar wa ke nan. Sauran su amsa da sunayensu. Akwai kuma kiran da 'yan rukuni ɗaya kawai ke ji. Mukan zuba ido muna kallon sunayen garuruwan suna bayyana ɗaya bayan ɗaya, kamar mutane na shigowa zaure.

A wannan daminar ce ofishin ƙaramar hukuma ya ce duk magatakarda sai ya iya kwamfuta, in ba haka ba a mayar da shi gadin sito. Haka Babana, wanda magatakarda ne a can, ya zo ya zauna cikinmu yara, da babbar riga da hula, a gaban injin da ake kira Sandamu.

Ya kamata ka san ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya ambaci sunana ba. "Kai" yake ce mini, idan ba na nan kuma "yaron nan". Ƙannena sukan hau cinyarsa, ni ko kallona ba ya yi a gaban mutane. Haka aka saba, ban kuma taɓa tambaya ba. A ajin ma sai muka zama kamar baƙi, ya zo da kekensa, na zo da ƙafa. Ina jin ƙarar yatsansa guda yana neman harafi, in sunkuyar da kai.

Ranar da abin ya faru an wuni ana yayyafi. Kawu ya koya mana aika saƙo: ka rubuta sunan gari, saƙo ya je can kawai, ka sa alamar tauraro, ya je wa kowa. Muka gwada da tauraro, muka yi ta aika wa juna sallama ana dariya. Daga baya ya ba mu aikin bugawa, ɗaki ya yi tsit.

Can sai duk injinan suka yi ƙara a tare. Wani ɗan akwatin rubutu ya fito a gaban kowa. Daga Sandamu. Da haruffa a karkace, wasu a maimaice, ga sunana cikakke, sannan: "Ɗana yana ƙoƙari kuwa? Na ga kamar ya fi kowa sauri. Kada ka gaya masa na tambaya."

Ashe Kawu kaɗai Baba ya yi nufin aika wa. Ya manta bai goge tauraron ba.

Wata yarinya ta fara toshe baki, sai dariya ta ɓarke. Kowa ya juya wajen Sandamu, sannan wajena. Na ji kamar an tuɓe mu duka biyun a tsakiyar kasuwa. Baba bai gane ba sai da ya leƙa injin na kusa da shi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya miƙe a hankali, ya gyara hula.

"Yaya, zauna mana," in ji Kawu. "Kuskure ne, kowa na yi."

"Ana jirana a ofis," ya ce. Ranar kuwa Asabar ce. Ya fita cikin yayyafin, ya bar kekensa jingine da bango.

Ni na tura keken zuwa gida, yara na bina suna rera "ɗana yana ƙoƙari kuwa". Kafin la'asar labari ya kai wa Kakata. Ta yi salati, ta ce, "Yau na ga rashin ta ido, a gaban jama'a!" Mahaifiyata ta shige ɗaki. Kusan mako guda ni da Baba muna kauce wa juna a soro, idan na ji tarinsa in bi ta bayan rumbu.

Bai sake taka ajin ba. Kawu ya yi ta zarya yana lallashi, ya ce zai koya masa shi kaɗai, ya ƙi. Da kaka ta yi aka mayar da shi sito, a can ya ƙarasa aikinsa yana ƙirga buhunan taki. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka.

Yanzu haɗa injina ne sana'ata. Ko waya ba a bukata, na'urori suna gano juna ta iska, a aljihun kowa. Iyaye suna sa hotunan 'ya'yansu na fari duniya ta gani, ba wanda ke dariya.

Da sallar bara na kai wa Baba 'yata ta fari. Ya tsufa, ido ya yi rauni. Ta ruga ta faɗa jikina a gabansa, na kira ta da sunanta ban ankara ba. Sai kunya ta kama ni, na ture ta gefe.

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, "Kai, ɗauke ta mana. Ai kuka za ta yi."